Wanda Ya Goyo Mang Delfin

"Ga shi nan! Ga wanda ya ciro ni!" Dattijo Mang Delfin ya zabura daga kujera, ya manta ƙafarsa a kumbure take. Crisanto, malamin makarantar ƙauyen, ya yi turus a bakin ƙofa da kwandon ƙwan agwagwa a hannu.

Da asubar ranar, kamar kowace shekara ran bikin Yahaya Mai Baftisma, mutanen gari sun shafe jiki da laka, sun lulluɓa da busasshen ganyen ayaba, sun nufi coci. A hanya tsohon ya zame, ya afka magudanar gonar shinkafa. Wani mai laka ya tsamo shi, ya goyo shi har gida, ya ɓace. To, wa ke gane fuska cikin laka?

"Tsayinka ne, kafaɗarka ce!" in ji matarsa Aling Pacita. "Wanda ya ceci mijina shi zai auri 'yarmu. Luningning, kawo wa surukinmu kofi!"

'Yar tasu ta fashe da kuka. Shekara biyu ke nan Isagani mai kiwon agwagi yana neman aurenta, iyayen suna korar sa, Crisanto ke kai saƙo tsakani. Abin da ba wanda ya sani, shi ma ɗan aiken son ta yake kamar ransa. Ga tsuntsu daga sama gasasshe, shiru kawai zai yi!

Sai ya tuna Yahaya Mai Baftisma, wanda suka shafa laka dominsa. Jama'a sun so ɗora masa girman da ba nasa ba, ya ce shi mai share hanya ne kawai.

"Mang Delfin, ba ni ba ne."

"Kai, bar kunyar nan!"

"Ina can gaba riƙe da kyandir. Isagani ne. Ku je ku duba tafin ƙafarsa, kwalba ta tsaga shi a magudanar. Ƙwan nan ma shi ya aiko a dafa maka."

"Mai warin agwagwan nan?"

"Warin ne ya goyo ka, Tatay!" in ji Luningning ga mahaifinta, tana dariya tana share hawaye.

Tsohon ya sunkuyar da kai, can ya ce a kira masa yaron.

Ran ɗaurin auren Isagani da Luningning, Crisanto ne ya yafa wa ango da amarya farar igiya a kafaɗa, alamar ƙulla aure a al'adarsu. Ya ji zafi, ba ƙarya, amma murnarsa ta fi zafin yawa. Wanda ya san iyakar matsayinsa ya faɗi gaskiya, ko ya rasa amarya bai rasa mutunci ba. Ɗansu na fari, Crisanto suka raɗa masa.