Kwanon da Ya Koma Wayam

Tun zamanin kakan Malam Haladu na Gwaram, samari goma sha ɗaya suka zo neman aure a gidan nan, kuma kowannensu ya bi ƙa'ida: a kai masa tuwo zaure, ya buɗe, ya sa albarka, ya rufe, kunyar surukai ta hana shi kai loma. Abdulnasir ɗan Maikano, malamin firamare daga Birnin Kudu, shi ne na farko da ya cinye, ran wata Asabar cikin kakar shekarar 2023.

Wata biyar kafin nan, a wani gidan abinci kusa da tashar Birnin Kudu, Nasiha, autar Malam Haladu, ta ɗanɗana miyar kuka ta ture faranti.

"Ba laifin kukar ba ne," in ji saurayin da ke teburin gefe, wato Abdulnasir. "Daddawar waken soya suka sa."

"Ka sani, kuma kake ci?"

"Ina ci ina jin haushi. Ke ga haushi ga yunwa. Wa ya fi asara?"

Ta yi dariya ba ta so ba. Koyon ɗinki ke kawo ta garin, kuma daga ranar babu mai waina ko mai dambun da ba su je sun yi wa shari'a ba. Shi ya sa mata Zumata, ita kuwa ta sa masa Acici.

Ranar gaisuwa, Nasiha na tsakar gida aka dawo da kwanon. Ta ɗaga murfi. Ko miyar gefe an suɗe.

Malam Haladu bai ɗaga murya ba, domin ba ɗabi'arsa ba ce. Ya dai ce, "Yaron nan a titi ya saba ci, bai san gida ba. Yunusa ɗan ƙanena ya zo watan jiya, ko taɓa murfin kirki bai yi ba. Shi zan ba."

Nasiha ta ɗauki waya ta rubuta wa Abdulnasir: "Acici, ka kashe mu. Wa ya ce ka ci? Baba ya ce Yunusa zai ba. Kada ka kira ni."

Amsa ta shigo kafin la'asar: "Zumata, na san ƙa'ida. Na buɗe ne don in rufe. Sai na ji ƙamshin daddawar kalwa irin ta mahaifiyata, wadda ta rasu shekara tara ke nan. Tun daga lokacin abincin saye nake ci. Ki ba Baba haƙuri. Amma ko za a raba mu, ki gaya wa Inna miyarta ta fi ƙarfin kunyata."

Kwana goma sha biyu ba ta amsa ba. Ta rame, abinci ya fita ranta, iyayen Yunusa kuma suka aiko a tsayar da rana. A ganinta, mutumin da ya kasa danne cikinsa na ɗan lokaci saboda ita, bai san darajarta ba.

Wata safiya a madafa, mahaifiyarta, Inna Hapsatu, ta dube ta ta ce, "Auta, wannan wayar da kike ta kallo, me ke cikinta?"

Nasiha ta karanta mata. Inna ta ajiye muciya.

"Maimaita mini ƙarshen."

Ta maimaita. Inna ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta nufi rumfar Malam. Nasiha ta raɓe jikin katanga tana saurare.

"Malam, yayyen Auta huɗu aka aurar, kwano huɗu suka dawo mini a rufe. Na Yunusa na biyar. Kwana uku nake wahalar kalwa kafin ta zama daddawa, ƙarshenta in juye wa awaki."

"Hapsatu, al'ada ce."

"Ta kakanka ce, kuma ba shi ke tuƙawa ba. Tambayi Yunusa ko na sa gishiri ran nan."

Inna ta ci gaba.

"Shekara talatin da ɗaya ina yi maka girki. Ka taɓa buɗe baki ka ce ya yi daɗi?"

"Haba, Hapsatu. Ai ba na ragewa."

"To, shi ma yaron abin da ya yi ke nan."

Nasiha ta kasa kunne. Ta ji mahaifinta ya yi gyaran murya, sannan ya ce a kira masa ƙanensa, uban Yunusa, su yi magana ta 'yan'uwa.

Da yamma ta rubuta: "Acicina, ka turo magabatanka. Inna ta ce ka zo da yunwarka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Haladu, jama'a suka yi addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari, Allah Ya amsa.

In aka duba abin da aka samu: Abdulnasir ya sami mata da uwa a rana ɗaya, Nasiha ta tare gidan mijinta da tukunyar daddawar Inna a cikin kayanta, Inna kuma ta sami mai yaba girkinta da baki. Abin da aka riƙe shi ne zumunci da gidan su Yunusa, da kuma al'adar kai wa mai neman aure tuwo zaure. Sai dai yanzu, bisa umarnin Malam Haladu, tare da ruwan wanke hannu ake kai shi.