Sunan Da Ba A Kamawa A Gidan Hajiya Daso

Ikilima na tsakar gida tana feraye doya, ɗanta na gefe yana wasa da marfin kwano. Shekararsa biyu da wata huɗu, amma ko "Mama" bai taɓa cewa ba. In ƙishi ya kama shi sai ya ja zanenta ya nuna randa.

"Yaron nan" take ce masa. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan marigayi surukinta ya ci, Mahmuda. Kunya biyu ke nan. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, in ta goya shi ma sai ta ɗaure fuska kamar ɗan maƙwabta aka ba ta riƙo. Duk unguwar Bukan Sidi ana yabon kunyarta.

Uwar mijinta, Hajiya Daso, ta fito tana jan carbi da ƙarfi kamar ya yi mata laifi.

"Asabar za mu garin Kwandere, wanzami ya tsinke masa ƙasan harshe. Magana ta ƙare!"

Hajiya na shiga ɗaki Ikilima ta saɓi yaron sai gidan Sista Hembadoon, nas 'yar Tibi da ke maƙwabtaka da su.

"Aska? A bakin wannan ƙaramin yaro? Abeg!" in ji Sista da Hausarta ta kasuwa. "Ajiye shi, kar ka bari ya gan ni."

Ta zagaya bayansa ta kira shi. Shiru. Ta tafa hannu. Shiru. Sai da ta maka cokali a faranti sannan ya waiwayo.

"Ka gani? Bakinshi lafiya lau. Kunne ne. Ku kai shi Jos a yi tes. Yau, ba gobe ba!"

Da mijinta Safiyullahi ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, Ikilima ta tare shi da hawaye. Shekara uku ya yi yana sintiri ƙofar gidansu kafin a ba shi ita, kukanta kuwa har yau ba ya iya jure shi.

"Haba madam, share hawayenki. Ranar Alhamis sai Jos."

A asibitin Jos likita ya ce ruwa ne ya taru a cikin kunnen tun wani ciwo da yaron ya yi, yana jin magana kamar daga ƙasan rijiya. Ya rubuta magani, ya ce su riƙa dawowa ana dubawa. Sannan ya kalli Ikilima.

"Sauran aikin naki ne. Ki durƙusa daidai fuskarsa, ki kira sunansa, ki faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa. Kullum."

Washegari da sassafe ta durƙusa a gaban yaron.

"Mahmuda! Ru-wa. Ka ce ruwa."

Kwanon koko ya suɓuce daga hannun Hajiya.

"Innalillahi! Sunan mijina? Gatsau? Shekara arba'in ina zaune da bawan Allahn nan ban taɓa kama sunansa ba, sai ke, fitsararriya! An hana wanzami na yi shiru, yanzu kuma wannan? Safiyullahi, fito! Ko ni ko ita a gidan nan!"

Safiyullahi ya zube a gabanta.

"Hajiya, ke ba ki da canji, ita kuma ba ta yi laifin da zan sake ta ba. Ki ba mu wata uku. In bai yi magana ba, ni da kaina zan roƙe ta ta daina."

"Oho dai! An shanye ka."

Daga ranar Hajiya ta daina amsa gaisuwarta. Matan unguwa suka samu abin yi, in ta wuce sai wata ta maƙe murya: "Co-ka-li! Ka ce co-ka-li!" a kwashe da dariya. Ruwan wankan Hajiya bai taɓa latti ba, tuwonta da miyar karkashi na isa da zafinsa. In ta gama sai ta koma ta durƙusa: doya, akuya, takalmi, Mahmuda, Mahmuda. Wani lokaci ta shige ɗaki ta yi kukanta, mijin ya biyo ta yana "Sori, Ikili, ina bayanki."

A sati na bakwai yaron ya nuna randa ya ce, "Uwa!" Ruwa yake nufi. Ikilima ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta taɓe baki ta ce ita ba ta ji komai ba.

Bayan kwana biyu Ikilima ta dawo daga kasuwa ta ji ƙus-ƙus a bayan kicin. Ta leƙa. Hajiya Daso ce durƙushe da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta riƙe fuskar jikanta da hannu biyu.

"Ka-ka. Ka ce Kaka mana, ɗan nema." Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta yi ƙasa da murya. "Mahmuda..."



Yaron ya kalli bakinta ya ce, "Kaka!"

Ikilima ta saki ledar cefane. Hajiya ta ɗago, ta goge ido da bakin mayafi, ta murtuke fuska.

"To me kike kallo? Zo ki tashe ni, 'yar nan, gwiwata ta riƙe. Kuma in na ji zancen nan a waje, ni da ke ne!"

Kunya ado ce, 'yan'uwa, amma ba a biyanta da bakin yaro. In ɗanki ya shekara biyu shiru, kar ki zauna jiran "zai yi", kar ki miƙa shi ga aska. A duba kunnensa da wuri, ki kira shi da sunansa, ki yi ta yi masa hira. Haƙurin Ikilima ya tsare mata aurenta, saurinta ya buɗe bakin ɗanta. Yau a gidan, roƙon Mahmuda ake yi ya yi shiru.