Gishiri a Bakin Tsohuwar Rijiya

Ranar da dutsen farko ya faɗo gidan Alhaji Bawa, mai fataucin albasa a Gwandu, maraicen bai bambanta da na jiya ba. Awaki sun dawo, kaji sun shige akurki, matarsa Rahmatu tana tuƙa tuwo a madafa. Ladan ya fara kiran magariba ke nan wani abu ya daki kwanon ɗaki. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban murhu. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da laka mai sanyi a jikinsa, alhali ana tsakiyar bazara, wata biyar sama ba ta zubo ko ɗigo ba.

Ta juya ta dubi kusurwar gabas ta gidan. Ta san daga inda ya fito.

Mako uku kafin nan Alhaji ya dawo daga Makka da kaya: akwatin talabijin, rediyo mai garmaho, lasifika biyu, da ƙaramin injin wuta. A shekarun nan hoton tashar talabijin ta Sakkwato bai daɗe da fara isowa ba, kuma Alhaji ya ƙudurta gidansa ne zai fara kama shi a unguwar. Ya aika Kalgo aka zo da Lukuman mai gyaran rediyo, mutum mai fensir a kunne da igiyar awo a aljihu.

A gaskiya Lukuman ba ɗan a-yi-a-gama ba ne. Kwana biyu ya yi yana zagaya gidan bai taɓa ko ƙusa ba. Ya tambayi Alhaji inda yake zama da baƙi, da mutum nawa zauren ke ɗauka, da bangon da rana ke duka da la'asar. Ya zana gidan a takarda. Akwati a zaure, bisa tebur mai tsayin ƙirji don na baya su gani. Lasifika ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida saboda mata. Inji bayan rumbu, kada ƙararsa ta danne magana. Eriya bisa dogon ƙarfe mai ƙafa arba'in, fuskarta Sakkwato. Kowace waya ya auna ta ya rubuta. Ya tambayi kowa komai, ban da matar da ta shekara ashirin da biyu tana share gidan.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne sandar jan ƙarfe da za a binne, a ɗaura mata waya daga eriya. Ya ce ita ke janye tsawa ta kai ta ƙasa, ita ke hana lasifika gurnani. Sai dai tana son wuri mai laima, a zuba mata gawayi da gishiri. Ya bi gidan yana taɓa ƙasa har ya tsaya a kusurwar gabas, inda ciyawa ke tsirowa ko da rani, ya yi gicciye a takarda.

Rahmatu ta fito da muciya a hannu.

"Ɗan nan, ba nan ba. Tsohuwar rijiya ce, kakan Alhaji ya cike ta. Tun ina amarya surukata ta ce kada ruwan zafi ko toka su taɓa wurin."

"Inna, nan ne mafi kusa da eriya. Na auna."

"Ka auna ƙasa. Ka auna masu ita?"

Alhaji ya yi dariyar da maza ke yi in sun ji kunya gaban baƙo. "Rahmatu, aikin ilimi ne wanga. Koma ga tuwonki."

Ta koma. Aka buga sandar, aka juye mudu biyu na gishiri, aka rufe. Hoto ya fito, unguwa ta cika zaure har ƙofa, Alhaji yana ta gyara zaman hula. Kwana huɗu bayan haka jifa ya fara.

Kullum da faɗuwar rana ne. Iska ta tsaya cik, tsuntsayen bishiyar darbejiya su yi tsit, sannan duwatsu masu laima su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana hutawa tsakani. Daga baya lasifikar tsakar gida ta soma. Inji a kashe, ba wuta ko'ina, amma ana jin wani abu a cikinta can ƙasa-ƙasa, kamar kukan yaran da suka gaji da kuka.

Aka sake kiran Lukuman. Ya ce tashar Nijar ce ke shigowa. Ya canza waya, kukan bai daina ba. Ya juya eriya, ya sauke lasifikar ya kwance ta ya mayar, ya yi zufa har rigarsa ta manne. Sau uku yana hawo babur daga Kalgo, sau uku yana komawa da ƙuncin rai. A na ukun ya tsaya kan gicciyensa ya ce ya gano: ƙasa ce ta bushe, sandar ba ta kamawa. A riƙa dama gishiri da ruwan ɗumi ana zubawa kullum.

"Ciwon kake ƙara wa ciwo," in ji Rahmatu.

Ranar nan Rahmatu ta tafi gaisuwar rasuwa garin Malisa, kuma kafin ta dawo Alhaji ya aiki ɗiyarsu Hadijatu, 'yar shekara goma sha huɗu, da ƙwarya cike da ruwan gishirin. Rana na faɗuwa yarinyar ta juye.

A bakin wurin Rahmatu ta same ta zaune, ƙwarya a kife, idanu a buɗe ba sa kallon komai. Aka ɗauke ta zuwa ɗaki. Kwana uku ba ta ci ba, ba ta ce uffan ba. Tafin ƙafafunta suka tsage suka yi fari kamar an jiƙa su a kanwa. Da magariba sai ta miƙe zaune, ta riƙa kukan nan na cikin lasifika, sak, da bakinta.

Rahmatu ba ta ƙara yi wa mijinta gardama ba. Ta yafa mayafi ta tsaya ƙofar zaure, gaban baƙinsa, ta ce, "Alhaji, ko ka ɗauko Modibbo Atiku na Dodoru, ko in tafi da ƙafata." Ya tafi.

Modibbo tsoho ne siriri, maganarsa kaɗan. Ya iso da la'asar sakaliya, ya ce a kira Lukuman mai aikin, shi ma ya tsaya bakin ƙofa. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Hasken ɗakin ya yi ta raguwa. Dutse ɗaya ya faɗi kan kwano, sannan shiru. Wuyan Hadijatu ya karkace, muryar wata tsohuwa ta fito daga ƙirjinta.

"Bari ƙona ni, malam. An ƙona ni ya isa."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai rijiya. Ina nan tun kakan wancan bai san hanyar Gwandu ba. Da suka cike ta ban ce komi ba. Matar gidan ga tana kiyaye mu, muna kiyaye ta. Yanzu an soko ƙarfe tsakar ɗakina, yana ruri dare da rana. Gishiri ya cinye ƙafafun ɗiyana. Na yi jifa, ba a ji ba. Mun yi kuka, aka ƙaro da mai zafi."

"Yarinyar aiko ta aka yi. Kin kama marar laifi."

"Ita ce hannun da na gani."

"Mi kike so?"

"A kwashe tarkacen duka a kai daji."

"Wannan ba ki da shi. Dukiyar mutum ce, a cikin gidansa. Nemi haƙƙinki, kada ki wuce." Ya ci gaba da karatu, jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Tsaya. A cire ƙarfen. A kwashe gishirin har ƙwayar ƙarshe, da hannun wanda ya zuba. A wanke da ruwan sanyi."

Daga bakin ƙofa Lukuman ya yi magana. "Allah gafarta Malam, in an cire sandar, eriyar nan ta fi komai tsawo a unguwa. Damina ta kusa. Tsawa ta sauka, gidan ne zai kama da mutanen ciki. Kuma babu wani wuri mai laima, na duba."

Alhaji ya dubi ɗiyarsa, ya dubi waje inda doguwar eriyarsa take. Yatsun Hadijatu suka fara lanƙwashewa baya.

"Akwai wuri," in ji Rahmatu. "Inda Alhaji ke alwala, gindin randa. Sau biyar a yini ake jiƙa shi, shekara talatin. Ba mai zama can sai sunan Allah."

Lukuman ya zaro takardarsa. "Inna, wayar ba za ta kai ba. Ya ƙaru da taku ashirin."

"An daina sayar da waya a Kalgo?"

Ya mayar da takardar aljihu.

Muryar ta yi wata 'yar dariya busasshiya. "Ga mai hankali nan, kuka bar ta a madafa. Saura ɗaya. Daga faɗuwar rana har a sallaci isha'i, a kashe ƙarar nan. Lokacin fitar ɗiyana ne."

"Ai lokacin ne jama'a ke taruwa," Alhaji ya fara. Rahmatu ta dube shi. Ya ce, "An yarda."

Modibbo ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta ba za ta sake taɓa kowa a gidan ba, ita da zuriyarta. Ta rantse. Hadijatu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Washegari Lukuman ya durƙusa ya yi ta kwasar gishiri da gawayi da tafin hannu har fatarsa ta yi ja. Aka zare sandar, aka wanke wurin da ruwan sanyi. Da aka zo sabon awo zuwa gindin randa, Rahmatu ce ta riƙe bakin igiyar, ita ta ce wayar ta bi bayan rumbu kada awaki su ci. Ya soke tsohon gicciye ya rubuta abin da ta faɗa. Tun daga ranar, rana na taɓa katangar yamma Rahmatu kan je da kanta ta kashe inji, ko wane ne a zaure. Ƙafafun Hadijatu suka warke kafin shuka.

A tsakiyar damina, wata azahar, tsawa ta sauka kan eriyar. Gidan ya girgiza, randa ta tsage, ƙasar wurin alwala ta yi hayaƙi. Ko tabarma ba ta ƙone ba.

Da Lukuman ya zo dubawa, Rahmatu ta aje masa fura da kanta, ta tsaya tana kallonsa yana sha.

"Ka san aikinka, ɗan nan," ta ce. "Ji ne ba ka da shi."