Fijon Gindin Tsamiya

Salma na tankaɗen garin tuwo a tsakar gida lokacin da Baffa Gwadabe ya shigo da guntuwar sallama, irin wadda ba ta jiran amsa. Inna Tani, mahaifiyar Salma, ta shimfiɗa masa tabarma, bai ko kalle ta ba.

"Maganar sa ranar nan ta jibi, an ɗaga," in ji shi.

Inna ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ya ce ba wanda ya mutu, ido ne ya buɗe. Yaron nan bakanike na Rano ba Salma yake so ba, motar marigayi yake so, kuma shi Gwadabe ba zai ɗauki 'yar ɗan'uwansa ya ɗora a kan mota ya miƙa wa mutum kamar gyara a kan awo ba. Yana gama faɗi ya juya. Rariyar da ke hannun Salma ta tsaya cak, garin ya ci gaba da zuba a kan ƙafarta ba ta sani ba.

Motar da ake magana tsohuwar Fijo ce, tana gindin tsamiya a bayan gidansu a Fammar. Mahaifin Salma, Manu Direba, ya yi shekara ashirin yana jigilar mutane da ita tsakanin Kibiya da Rano da Kano. Da ya rasu, shekara tara ke nan, ya bar mace ɗaya da 'ya ɗaya da ƙani ɗaya. Aka raba gado, gonar fadama ta faɗa wa ƙanin, wato Baffa, motar kuma aka cusa ta cikin rabon Salma, domin ba wanda ya miƙa mata hannu. Tun daga nan aikinta ajiyar harawa. An lulluɓe ta da zana da karan dawa, hancinta kaɗai ke leƙowa.

Wannan hancin ne ya jawo komai.

Tajuddeen, saurayin Salma, yana da gareji a bakin tashar Rano, kuma mutum ne mai kunya da hankali in dai ba a ambaci mota ba. Kowace Talata bayan la'asar shi da abokansa huɗu sukan tafi gidan kallon Ɗanmalam. Sauran jama'a ƙwallo ke kai su, su kuwa wani shiri ne na Turawa, inda ake nuna tsofaffi masu furfura suna shafa motocin da suka girme su, suna magana a hankali kamar a ɗakin mara lafiya. Ɗanmalam yakan tayar musu da janareta yana mita, ya ce bai taɓa ganin mutanen da ke biyan kuɗi don su kalli ana goge ƙarfe ba.

To, ranar da Tajuddeen ya zo gaida iyaye, wanda ya kamata ya shigo kai a ƙasa ya fita kai a ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan hancin Fijo. Ya manta da inda yake. Ya ce wa abokin rakiyarsa wannan ai kilasik ce, wato tsohuwar mota mai tsada, makon jiya ya ga 'yar'uwarta an yi gwanjonta a talabijin, abin da aka biya ya isa sayen rabin Kibiya. Bai ɗaga zanar ba, don wannan kunyar dai ta rage masa. Amma ya faɗa da ƙarfi, kuma a ƙofar gida akwai dattawa uku da ba su da wani aiki a yinin.

Kafin magariba, maganar ta isa kunnen Baffa. Ranar Talatar da ta biyo, mutumin da ya fi kowa cewa a rufe gidajen kallo tun da aka ƙaddamar da Shari'a, sai ga shi a bencin baya na gidan Ɗanmalam, ya ja rawani har kan hanci. Ba ya jin Turanci, amma ya ga wani dattijo ya buga guduma, ya ga sifili sun jeru a ƙasan allo har ya gaji da bin su da ido. Ya fito kafin shirin ya kai rabi. Abin da ya zo gani ya gani.

Yanzu buƙatarsa biyu ce: a sake rabon gado, tunda an yi wa motar kuɗin banza, sannan a sallami bakanike.

Salma ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce wa Inna a ba Baffa motar, ita ba ta so. Inna ta ce ba da mota abu ne mai sauƙi, amma ba zai wanke yaron ba, Baffa cewa zai yi ga shi nan an kama shi ne ya saki. Kuma ya riga ya kai ƙara wurin Malam Ramalan, limamin da ya raba gadon. Malam ya ce a zauna ranar Asabar a zauren Baffa, a kira Tajuddeen ya buɗe motar, ya faɗi gaskiyar abin da ke cikinta tsakaninsa da Allah.

Da Salma ta ji haka sai kukan ya tsaya, tsoro ya maye gurbinsa. Ta san abin da ke ƙarƙashin zanar, ko kuma dai abin da babu.

Ƙafafun baya da sandarsu suna ƙarƙashin amalanken shanun Baffa. Ƙofa ɗaya ita ce murfin garken awakinsa. Sifirin ya tafi maƙera ya dawo a matsayin bakin garma da adda biyu. Injin kuwa, wata safiya aka zo da kurar turawa aka ɗauke shi, Baffa ya ce gyara za a kai shi, kuma shekara shida ke nan ana gyaran. Kowanne da sunan aro ya tafi. Inna ba ta taɓa tankawa ba, don ƙanin miji ne, kuma shi zai aurar da 'yarta. Shi Baffa a ransa duk wannan ba komai ba ne. A talabijin ya ga jikin motar ake shafawa, bai ga ana shafa inji ba.

Amma dukiyar marainiya ce. A waɗannan shekaru, kalmar nan in ta fito a gaban liman ba ta tsayawa a zaure, sai ta isa gaban alƙali. In ta isa can, Baffa ba zai sake ɗaga kai a Fammar ba, kuma ba zai taɓa ɗaura wa Salma aure da wanda ya tona shi ba.

An hana Tajuddeen zuwa zance, don haka da hantsin Juma'a ta ɗauki wayar Inna ta tsaya jikin rumbu, inda sabis yakan ga dama ya kama. Ta zayyana masa komai. Da ta gama, sai ya ce:

"Sori, Salma. Bakina ne ya jawo."

"Ba sori nake nema ba. Ka ce musu ba ta da daraja, shi ke nan."

Ya ce in ya faɗi haka kawai, Baffa zai ce ƙarya yake don ya same ta da araha. Dole a tambaye shi dalili, dalilin kuwa shi ne an kwashe ta. In ya ce tana da daraja, ya yi ƙarya, ya kuma tabbatar wa Baffa zarginsa.

"To ka yi ƙaryar da ta fi sauƙi."

"A gaban Malam? Ba zan iya ba."

"Ni za ka iya rasawa ke nan."

Ta kashe wayar, ta jingina goshinta da jikin rumbu.

Ranar Asabar bayan azahar aka yaye zanar, aka kwashe harawa. Salma na leƙe ta tsagar katanga. Tajuddeen ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallon ramin da kaza ta taɓa yin ƙwai a ciki. Ya durƙusa ya duba ƙasa. Bai daɗe ba. Ya mayar da bonet ɗin a hankali, kamar mai rufe fuskar mamaci.

Aka koma zaure. Salma da Inna suka zauna a soro na biyu, bayan asabari. Daga nan tana hango gefen fuskar Tajuddeen a ƙasa kusa da takalma, da Malam Ramalan a kan buzu, da dattawan nan uku da suka zo ganin ƙarshen abin da suka shuka. Baffa yana zaune a mazauninsa na kullum, wata kujera mai taushi da aka lulluɓe da darduma. Salma ta ga idon Tajuddeen ya sauka a kan ƙafafun kujerar, ƙarafa biyu masu ramin kusa. Ta ga ya gane kujerar direba ce. Ta ga kuma Baffa ya ga ya gane.

Malam ya ce wa Tajuddeen ya yi magana.

Tajuddeen ya fara da neman gafara. Ya ce ya shiga gidan manya ya yi magana a kan kayan mamaci tun ba a ba shi ko tabarma ba, wannan rashin tarbiyya ne, kuma nasa ne. Sannan ya ce masu shirin nan da yake kallo, kafin su taya mota sai sun duba lambar da ke jikin inji ta dace da ta takarda, sai sun bi kowace kusa sun ga orijinal ce. Ba tsufa suke saya ba, riƙo suke saya.

"Wannan kuwa, Allah gafarta Malam, ba ta cika ba. Ba inji, ba ƙafafun baya, ba sifirin, ba ƙofa ɗaya." Ya ɗan tsaya. "Da sauran ƙananan abubuwa. Yadda take yanzu, sai dai masu awon ƙarfe."

Baffa ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya rufe. Malam Ramalan ya gyara zama. Ya ce shi da hannunsa ya rubuta motar nan a rabon marainiya, kuma a ranar motar tana tashi, don da ita aka mayar da shi gida. Ya tambayi inda kayan suka tafi.

Ɗaya daga cikin dattawan ya soma nazarin yatsun ƙafarsa, domin shi ma ya sha aron amalanken.

"Kai nake tambaya, Tajuddeen. Ko ka ga wani abu nata a wani wuri?"

Salma ta ji Inna ta damƙe mata hannu. Tajuddeen ya sunkuya, zufa na bin wuyansa. Ya ce shi an kira shi ne ya faɗi abin da ke cikin mota, ya faɗa. Abin da ke wajenta ba huruminsa ba ne, yana roƙon Malam ya ɗauke masa. Malam ya ce wannan ba amsa ba ce. Tajuddeen ya ce ya sani.

Salma ba ta san lokacin da ta yi gyaran murya ba. Budurwa ba ta magana a zauren dattawa, ballantana a kan aurenta.

"Allah gafarta Malam, motar tawa ce?"

Malam ya ce tata ce.

"To duk wanda wani abu nata yake hannunsa, na bar masa, halak malak, duniya da lahira. Ba na nema, ba na so a nema mini. Babana ya ɗauki mutanen garin nan da ita kyauta ba sau ɗaya ba. In har yanzu tana ɗaukar wani, ladan ya isa gare shi."

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta.

Malam Ramalan ya daɗe yana jan carbi. Mutum ne da ya san garinsa, kuma ba makaho ba ne, shekara nawa yana zama a zauren nan yana kallon wannan kujera. Ya ce mai haƙƙi ta yafe, kuma ta kai shekarun da yafewarta ke zama yafewa, don haka wannan magana ta mutu a nan, wanda ya fita da ita shi da Allah. Sai ya juya ya tambayi Gwadabe ko har yanzu yana son a sake rabo, ya tuna masa cewa in za a sake, komai za a dawo da shi tsakar fili, har da fadama.

Baffa ya ce a'a, ba sai an wahalar da Malam ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya dubi Tajuddeen, wanda har yanzu kansa na sunkuye, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya zame daga kan kujerar ya zauna a tabarma.

"Ka gaya wa manyanka su zo ranar Laraba," in ji shi. "Su zo da goro."

An ɗaura aure bayan girbi. Ranar kai amarya Rano, cikin kayan ɗakin da aka sauke har da wata kujera mai ƙafafun ƙarfe, an yi mata sabuwar riga. Ba wanda ya ce ga wanda ya aiko ta, ba wanda ya tambaya. Baffa ya riƙe Salma daga nan kamar 'yar cikinsa, ko da yake injin har yau bai dawo daga gyara ba.

Ku 'yan'uwana matasa, abin da ido ya gani a talabijin ba lallai ne baki ya sauke shi a ƙofar gidan surukai ba. Ku kuma manya, abin da aka kira aro, in na maraya ne, yana nan yana jiran ranarsa. Tajuddeen ya ƙi yin ƙarya, Salma ta ƙi tona asiri, kowannensu ya ɗauka ranar zai rasa ɗan'uwansa. Wanda ya rufa wa wani asiri alhali yana da ikon tonawa, Allah ba ya barin sa a tsirara.