Kofin da Bai Yi Kumfa Ba

Da azahar ɗin wata Talata a 1975 aka kira Sufeto Malachi unguwar Yara. Alhaji Mahmudu mai gidan burodi ya faɗi bayan cin abinci, bai tashi ba. Likita ya ce guba ce.

Kafin Sufeto ya iso, unguwa ta gama shari'arta. An tsare Paulina, kukun gidan, a zaure, ana ta maganar igiya. Ita ce kullum take haɗa wa Alhaji maganin ƙwannafi: cokalin bekin soda a ruwa, da matsin lemun tsami.

"Ke kika ba shi?" in ji Sufeto.

"Ni ce, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma yau bai yi kumfa ba. Na faɗa masa, ya ce ƙirji na cinsa, ya shanye."

"Wa yake cika gwangwanin sodar?"

"Dabo. Daga sito yake ɗebowa."

Dabo shi ne shugaban masu kwaɓa fulawa, kuma ya fi kowa kuka a gidan.

"Ƙarya take, yallaɓai," ya ce. "Ina tsaye, kumfa ya tashi kamar kullum. Sodar lafiya lau take. Daga bakin zanenta ta kwance wani abu ta zuba."

Sufeto ya ɗebi garin gwangwanin a kofi, ya zuba ruwa, ya matsa lemu. Ruwan ya kwanta shiru. Ya sa aka buɗe buhun sodar da ke sito, ya sake gwadawa, kumfa ya taso har ya zuba.

Sai ya tura wa Dabo kofin farko.

"Ka ce lafiya lau take. Bisimilla, sha."

Dabo ya dubi kofin. Hannunsa ya ƙi miƙuwa.

"Maganin ɓera ne," ya ce a hankali. "Shekara ashirin ina kwaɓa masa da hannuna. Ya sayo inji daga Kaduna, ya ce ƙarshen wata in nemi wani aikin."

Wani kurtu ya ɗaura masa ankwa. Paulina ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka.

"Da bakinka ka kama kanka," in ji Sufeto. "Shekara ashirin kana taɓa soda, ka san ba ta ganin lemu ta yi shiru. Mu je caji ofis."