Babin da Auta ta Tsallake

"Kin tsallake," in ji Baba.

Auta ta tsaya da karatu, yatsanta a kan layi. Ta ce masa ba ta tsallake komai ba, a nan suka tsaya jiya.

"Miƙo mini shi."

Tun da idanun Baba suka mutu shekaru huɗu da suka wuce, kowace la'asar takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ta karanta masa littafi. Amma babu wanda ya taɓa kama shi kamar wannan. Labari ne na wani babban gida, shekaru ɗari da suka shuɗe, inda akwatin wasiƙun kakansu ya ɓace, aka ɗora wa ƙaramin ɗa laifi aka kore shi, daga baya wata jika ta tashi tana bin sawun gaskiya. Baba kan buga sandarsa a ƙasa ya ce matar kawu ce ɓarauniyar, washegari ya koma zargin mai gadi. Auta kuwa tana yi masa tsiya, cewa da shi ne alƙali da ya ɗaure gidan kaf.

Abin da ta ɓoye masa shi ne inda littafin ya fito. Mai Zare ne ya ba ta, saurayin da ke ɗinke tsofaffin littattafai a bayan ɗakin karatu, wanda zuciyarta ta riƙe shekara biyu. Sau uku yana neman izinin zuwa gaida Baba, sau uku Baba yana cewa ɗan Dogo ba zai taka masa gida ba, bai kuwa taɓa faɗin dalili ba. Iyakar saninta, Baba da Dogo sun yi aiki a tebur ɗaya a gidan ɗab'i, suka rabu ba sa ga maciji.

Shekaranjiya Mai Zare ya gaya mata an ba shi aiki a wani gari mai nisa, kuma ƙarshen wata zai ba da amsa.

"Sanyin idona, in kin ce in jira zan jira..." ya ce, idonsa jawur. "Amma ki gaya mini abin da nake jira."



Baba ya karɓi littafin, ya bi gindinsa da babban yatsa a hankali. Ya ce mata littafi ɗauri-ɗauri ake ɗinka shi, kowane ɗauri shafi goma sha shida. Jiya ya bar zaren alama a farkon ɗauri na tara, ga shi yau tana cikin na goma.

"Shekara talatin na yi a wannan aiki, Auta. Ido ne ya tafi, yatsa yana nan."

Ta sunkuyar da kai. Da safe ta riga ta leƙa babin, ta ga 'yan'uwa biyu ne da suka tsufa ba sa magana da juna. Ta ji tsoron ranar da Baba zai san mai littafin, ya ce habaici aka aiko masa har gida. Wannan ba ta faɗa ba. Ta ce kawai babin yana da ban tausayi.

"Karanta."

Ta karanta. Ashe babban wa ne ya ture fitila, wasiƙun suka ƙone, ya binne akwatin a bayan gida. Yana tsaye aka kori ƙanensa. Ƙanen kuwa ya san komai, amma ya ɗauki ƙunshinsa ya fita bai buɗe baki ba.

Da ta ɗago, hawaye na bin gemun Baba.

"Ƙulli biyu ne a ramin ɗinki na ƙarshe," ya ce, yana shafa bayan littafin. "Mutum ɗaya na sani mai ɗinki haka, shi ya koya wa ɗansa. Tun ranar da kika fara ba ni shi na gane."



Sai ya ba ta labarin da ko mahaifiyarta ba ta ji ba har ta rasu. A lokacin da ganinsa ya fara dusashewa ya ɓoye wa kowa, don kada a sallame shi. Aka kawo aikin littattafan makaranta, ya jera ɗaurin a hargitse, aka ɗinke su duka a haka. Da shugaba ya tambayi wanda ya jera, Baba ya yi shiru. Dogo ya dube shi, ya dubi idanunsa, ya ɗauki laifin ya ce shi ne. A ranar Dogo ya bar aiki.

"Ba ƙin yaron nake yi ba," in ji Baba. "Muryarsa irin ta ubansa ce. Ba zan iya zama ina jin ta ba."

Auta ta fashe da kuka.

"Baba... shekara biyu ina zaton su suka cuce ka. Har na kusa ce masa ya tafi!"

Bai kare kansa ba. Sai ya tambaya ko Dogo yana iya fita. Ta ce ƙafa ta hana shi, kullum yana zaune a tsakar gida.

"Ɗauko mini takalmana."

Ta kai hannu za ta ajiye littafin, ya hana ta, ya sa shi a hammata. Ya ce a can za ta ƙarasa babin, domin idan bakinsa ya kasa, bari Dogo ya ji yadda babban wa ya nemi gafara.

Ta riƙe masa hannu suka bi layin har ƙarshensa. Mai Zare ne ya buɗe ƙofa, da allura maƙale a gaban rigarsa. Ya dubi Auta, ya dubi tsohon.

Baba ya laluba har ya kama yatsunsa, ya riƙe su gam.

"Ɗinkinka ya yi kyau, ɗana," ya ce. "Ka gaya wa mutanen garin can ba za ka zo aikin ba. Yanzu kai ni wurin babanka."