Almakashi da Hoton Kaka

A wani gari an yi wata yarinya mai saurin fushi. Wata rana uwarta ta ba ta hotunan gidansu ta liƙa a littafi. Ranar kuwa ƙanenta ya cinye mata ƙosai.

Ta ɗauki almakashi. Ta gan shi a hoton salla, ta yanke shi. Ta gan shi a hoton biki, ta yanke shi. Ta gan shi a cinyar marigayiya kakarsu, ta ce, "Nan ma ba za ka zauna ba!" Almakashi ya zarce, ya raba fuskar kaka biyu.

Uwar ta daka mata tsawa, "Ke! Shi kaɗai ne hoton mahaifiyata!"

Yarinyar ta durƙusa tana kuka, tana laluben guntun hoton. Ƙanen ne ya tsinto shi, ya miƙa mata.